Kaluluwa Bayan Dashen Ƙoda: Amsar Wasiƙar Wani Manomi Daga Kafur

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga ƙaramar hukumar Kafur ta Jihar Katsina, daga wani bawan Allah manomi wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Mun taɓa ta a iska, amma lokacin shirin bai isa ba, shi ya sa muka kawo cikakkiyar amsar a nan. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ne na ba ƙanena ƙodata guda, bayan ya daɗe ana yi masa wankin ƙoda. Sai da muka sayar da gona ɗaya da shanun huɗa kafin a yi aikin. Ya sami sauƙi har ya koma cin kasuwa. To yau wata tara ke nan, sai ga kaluluwa ta fito masa a wuya, ba ta ciwo, ba ta kuma faɗawa, ga gumi da dare, ga rama. Likitoci sun ce sai sun yanki ƙullin sun duba. Dattawan gidanmu sun ce in daji ne ba a taɓa shi da ƙarfe. Wani kuma ya ce ƙwayoyin da yake sha ne suka jawo, ya daina sha. Shin ƙodata ce ta sa masa ciwo? Kuma don me ba za su ba shi magani ba sai an yanka?"

To Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan abin da ka yi wa ɗan'uwanka, shi kuma Allah ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne da aikin rediyo ya ɗauke, don haka sai da na zauna da masu aikin kafin in buɗe baki. Tambayarka ta biyu tana da dogon tarihi, kuma in ka ji shi za ka fi samun abin da za ka gaya wa dattawa cikin ladabi.

Mu fara da dashen kansa. Karo na farko da aka dasa wa mutum ƙodar wani ta zauna daram shi ne ranar 23 ga Disamba, 1954, a birnin Boston na ƙasar Amurka, a hannun wani likita mai suna Joseph Murray. Abin da ya sa ta zauna kuwa, mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, jikin wannan bai ga na wancan a matsayin baƙo ba. Ga sauran mutane abin ba haka yake ba. Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam dogarai a cikin jini, watau fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne su bambanta ɗan gida da baƙo. Kaluluwar da kake ji a matsematsi in ka yi tuntuɓe ƙafarka ta ruɓe, zauren taruwarsu ce. Da an shigo da ƙodar wani, ko da na uwa ɗaya uba ɗaya ne, sai su far mata. Saboda haka daga farkon shekarun 1960 likitoci suka shiga ba masu dashe magungunan da ke kwantar da waɗannan dogarai. Wani mai ƙarfi da ake kira saikulosiforin ya sami izini a Amurka cikin 1983, daga nan ne dashe ya bunƙasa a duniya. A Nijeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Ikko cikin 2000, sannan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara nasa cikin 2002. Wasu 'yan'uwanmu kuma Indiya ko Masar suke tafiya. Ko ina aka yi, sharaɗin ɗaya ne: magani kullum, muddin ƙodar na jiki.

Ba a jima da fara ba da magungunan nan ba sai likitoci suka lura da wani abu. Cikin 1968 da 1969 rahotanni suka fito daga New Zealand da kuma birnin Denver na Amurka, cewa wasu daga cikin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suna kamuwa da wani irin ciwon daji na kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma, fiye da yadda ake gani ga sauran jama'a. Likitocin Denver su ne Thomas Starzl da Israel Penn. Shi Penn sai ya buɗe rajista, yana tattara labarin duk mai dashen da daji ya kama, daga asibitocin ƙasashe daban-daban, ya yi ta wannan aiki har ƙarshen rayuwarsa. Sun ga ciwon, amma ba su san mafarinsa ba.

Mafarin kuwa, jama'a, a nan Afirka aka gano shi, a muƙamuƙin yaranmu. Dole mu koma baya kaɗan.

Cikin 1957 wani likitan fiɗa mutumin Ailan mai suna Denis Burkitt yana aiki a asibitin Mulago da ke Kamfala a ƙasar Yuganda, sai aka nuna masa wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama. Ba a daɗe ba ya sake ganin wani yaron mai irin wannan kumburi, har da ƙari a ciki. Duk wanda ya yi zaman karkara ya san abin da nake nufi. Ni kaina sa'ad da nake koyarwa a firamare na ga yaro ɗan aji biyu da kuncinsa ya tashi cikin 'yan makonni har haƙora suka yi ta girgiɗi, aka ce hangum ne, aka ce sammu ne, kafin a kai shi Shika lokaci ya ƙure. Allah ya jiƙansa. Burkitt ya rubuta bayanin ciwon cikin 1958, kuma har yau da sunansa ake kiran ciwon.

Mutumin nan bai tsaya a ofis ba. Cikin 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka hau wata tsohuwar mota suka yi tafiyar mil kusan dubu goma a gabashi da kudancin Afirka, asibiti bayan asibiti, suna tambaya: kuna ganin wannan ciwo a nan? Da ya zana taswira sai ya ga ciwon yana bin zafi da ruwan sama. A kan tsaunuka masu sanyi ba ya nan, a wuraren da suka bushe ƙwarai ma ya yi ƙaranci. Inda ya yi katutu shi ne inda sauro ya yi katutu. Daga baya aka tabbata taswirar ciwon da taswirar zazzaɓin cizon sauro kusan abu guda ne.

A wannan shekara ta 1961 Burkitt ya yi lacca a wani asibiti a Landan, cikin masu saurare akwai wani mai bincike, Anthony Epstein. Da ya ji ciwon daji yana bin yanayi, sai ya ce a ransa lallai akwai ƙwayar cuta a ciki. Ya roƙi a riƙa aiko masa da yankin ƙarin daga Kamfala ta jirgin sama. Kusan shekara uku yana dubawa bai ga komai ba. Rannan cikin Disamba 1963 hazo ya hana jirgin sauka a Landan, aka karkatar da shi Manchester, saƙon ya iso a makare, ruwan da ke cikin kwalbar ya yi gurɓi-gurɓi kamar ya lalace. Wani da sai ya zubar. Shi kuwa ya ɗiga a madubin likita, sai ya ga ashe ƙwayoyin ƙarin ne suka saki jiki suna yawo a ruwan da ransu. Da su ya yi iri, suka yaɗu a ɗakin bincike, cikin 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga bairos ɗin. Shi ne ake kira Epstein-Barr, bairos na farko da aka samu yana da hannu a ciwon dajin ɗan Adam.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. A asibitin koyarwa na Badun, cikin 1963, wani likita mai suna Pulvertaft ya raya ƙwayoyin irin wannan ƙari da aka ɗebo daga wani yaro ɗan Nijeriya, kuma zuriyar waɗannan ƙwayoyi har gobe ana aiki da su a ɗakunan bincike na duniya. A can ne kuma Farfesa Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya nuna cewa allurar kashe daji tana narkar da wannan ƙari, har aka ba shi babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka cikin 1972 tare da Burkitt da wasu. Ku riƙe wannan, masu cewa daji ba ya son allura.

Sai dai an yi karo da wata matsala. Da aka auna jinin mutane sai aka tarar bairos ɗin nan yana jikin fiye da mutum casa'in cikin ɗari na manyan duniya, Bature da baƙar fata. Ta yawu yake yaɗuwa. A ƙasashenmu, inda uwa ke tauna abinci ta ba jariri, yara kuma na shan ruwa a moɗa ɗaya, kusan kowane yaro ya kan ɗauke shi tun yana ɗan shekara biyu ko uku, ba tare da ya yi wani ciwon kirki ba. In ya shiga ba ya fita har mutuwa. To in kowa na da shi, don me ƙalilan ne ke yin daji?

Manomi zai fi kowa gane amsar. Ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta, irinsa yana kwance a ƙasa shekara da shekaru. Gonar da ke da ƙarfi, mai taki, ba ka cika ganinsa ba. Ranar da ƙasa ta gaji sai ka ga jan fure ya rufe dawa. Haka wannan bairos yake. Dogaran jini iri biyu ne manya, likitoci na kiransu B da T. Bairos ɗin a cikin 'yan B yake ɓuya, yana zuga su su yi ta haihuwa. 'Yan T kuwa su ne ke sintiri a kansu, duk wanda ya fara wuce gona da iri su kashe shi. Muddin 'yan T na farke, zaman lafiya ake yi. Abin da ke gajiyar da su ga yaranmu shi ne zazzaɓin sauro a kai a kai. Wannan ma a kusa da ku aka ƙara gane shi: cikin 1972 Dakta Brian Greenwood da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka nuna cewa yaron da ke fama da zazzaɓin sauro garkuwar jikinsa takan yi rauni, har wasu alluran rigakafi ba sa kama shi yadda ya kamata. Dattawan Malumfashi kuma za su tuna likitocin da suka yi shekaru a yankin cikin shekarun 1970 suna binciken tsargiya da zazzaɓi.

Abin da sauro ke yi wa yaro ba da izini ba, shi maganin dashe ke yi wa babba da gangan, domin 'yan T ɗin nan su ne masu far wa baƙuwar ƙoda, su ake kwantarwa. Cikin 1981 likitocin Jami'ar Minnesota suka haɗa zaren biyu, suka nuna bairos ɗin Epstein-Barr a cikin ƙarin masu dashe. Suka kuma lura da wani abin mamaki: ba duka ƙullin ne ya zama daji sosai ba. Wani yana kan hanya ne kawai.

Sannan cikin 1984 Starzl, wanda a lokacin ya koma Pittsburgh, ya ba da labarin mutum 17 masu dashe da wannan ciwo ya kama, 8 daga ciki masu ƙoda. Da aka rage musu maganin kwantar da garkuwa, ko aka tsayar, ƙarin da yawa daga cikinsu ya narke da kansa. Dogarai sun farka sun yi aikinsu. Ba a saba ganin ciwon daji ya yi haka ba, shi ya sa aka daina kiransa daji kai tsaye, aka ba shi suna mai faɗi, ma'anarsa yaɗuwar ƙwayoyin kaluluwa bayan dashe. A takardar asibiti za ka ga an taƙaita shi da haruffa huɗu, PTLD.

A nan ne wanda ya ce wa ƙanenka ya daina shan magani ya ɗauko rabin gaskiya, kuma rabin gaskiya a wannan wuri yana kisa. Likitocin Pittsburgh sun rage magani ne bayan sun yanka sun gani, suna auna jinin mutum dare da rana. Wanda ya daina a gida, ƙodar da aka sayar da gona dominta ita za ta fara tafiya, ya koma kan injin wanki, kuma mai yiwuwa ƙullin ma ba wannan ciwo ba ne.

Daga nan aikin ya koma na rarrabewa. Waɗanda suka kai auduga kasuwa zamanin da ake tantance ta kafin a kai injin gurza na Funtuwa ko Malumfashi sun san malamin auduga ba ya yanke lamba daga ganin buhu. Sai ya zura hannu ya ciro, ya baza, sannan ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu. Likitocin Pittsburgh cikin 1988 suka raba ciwon gida biyu, na New York cikin 1995 suka raba shi uku, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi littafinta cikin 2001, ta kuma tsayar da shi gida huɗu cikin 2008.

Na farko shi ne mai sauƙi: kaluluwa ta kumbura, ƙwayoyi sun yi yawa, amma ginin cikinta bai rushe ba. Ya fi kama yara da matasa, sau da yawa a maƙogwaro, kuma rage magani yakan wadatar. Na biyu, ginin ya rushe, amma in an duba sai a ga taron ƙwayoyi iri-iri, manya da ƙanana, kamar ranar kasuwa. Wannan yana tsaka-tsaki, wani ya ji ragin magani, wani ya ƙi. Na uku shi ne wanda aka fi samu, shi ne kuma mai haɗari. A nan ƙwaya ɗaya ce ta yi tawaye ta haifi dubbai masu kamarta sak, ko ina ka duba fuska ɗaya. Wannan daji ne cikakke, kuma wani lokaci ma irin na Burkitt ɗin nan ne na muƙamuƙin yara. Ragin magani kaɗai ba ya cika isarsa. Na huɗu ba shi da yawa, yana kama da dajin da ake kira Hodgkin, maganinsa daban. Cikin 2022 hukumar ta sake tsari, ta haɗa masu dashe da masu cutar ƙanjamau da sauran masu raunin garkuwa a babi ɗaya, ta ce a riƙa faɗin abu uku: me aka gani a madubi, akwai bairos ko babu, kuma me ya raunana garkuwar. Amma likitoci da yawa har yanzu da gida huɗun nan suke magana.

Ka ga ke nan, Malam, daga waje duk ƙulli ne a wuya. Yatsa ba ya bambanta su, hoto ba ya bambanta su, gwajin jini na bairos ɗin ma ishara kawai yake bayarwa, don akan sami mai bairos da yawa a jini ba shi da ƙari, akan kuma sami mai ƙari ba bairos, musamman wanda ciwon ya zo masa bayan shekaru da dashe. Ko zuƙo ruwan ƙullin da allura sau da yawa ba ya isa, domin ginin ake son gani, shi ya sa suka fi son ciro kaluluwar ɗungum ko yanki mai kauri. Sai a yanka ta siriri, a rina da rini iri-iri. Wani rinin yana nuna bairos, wani yana nuna wata alama a jikin 'yan B da ake kira CD20. In akwai ta, akwai allura mai suna rituksimab, wadda ta fito cikin 1997, da ke bin wannan alama tana kashe masu ita. Tana da tsada ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba, amma ta canza labarin wannan ciwo, kuma ba a ba da ita da ka.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan kusa da mu. A ƙasarmu kaluluwar wuya mai zuwa da gumin dare da rama, ga wanda garkuwarsa ke kwance, sau da yawa tarin fuka ne, watau tibi, wanda ke kama kaluluwa ko da mutum ba ya tari. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana kuma warkewa, sai dai wani daga cikin magungunansa yana rage ƙarfin maganin dashe, dole likitan ƙoda ya daidaita su. Shi kuwa ciwon da muke magana a kai, cikin masu dashen ƙoda mutum ɗaya ne ko biyu cikin ɗari yake kamawa. Masu dashen huhu da hanji sun fi shiga haɗari, don maganinsu ya fi nauyi. Wani abin kuma, ba a wuya kaɗai yake fitowa ba. Yakan fito a hanji, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa, ko a jikin ƙodar da aka dasa. In ya fito a ƙodar sai ya yi kama da jiki ne ke ƙin ta. Mai ƙin ƙoda ƙara masa magani ake yi, mai wannan ciwo rage masa ake yi. Likitan da ya yi canke a nan, in ya kuskure, ya zuba wa wuta fetur.

Game da maganar ƙarfe, ina girmama dattawa, kuma na san inda ta samo asali. An sha kai mutum asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, a yanka, ya rasu, sai a ce wuƙa ce. Jinkirin ne. Ƙarfen da ya kamata ku guje wa shi ne askar wanzami da ƙaho da sakiya, domin mai shan maganin dashe ƙaramin rauni yakan zame masa babban gyambo. Haka jiƙe-jiƙe da saiwoyi, ƙoda ɗaya gare shi mai aiki, kuma ta aro ce.

Saura tambayarka ta farko, wadda na san ita ta fi hana ka barci. Ga masu dashen ƙoda, mafi yawan lokuta ƙwayoyin da ke yin tawayen na mai karɓa ne, ba na mai bayarwa ba. Inda ƙodar kan kawo bairos ɗin ta zama sanadi shi ne in mai karɓa bai taɓa haɗuwa da shi ba, abin da aka fi gani ga ƙananan yara a ƙasashen Turai. Magidanci da ya tashi a Kafur, kuka ci tuwo a akushi ɗaya tun kuna yara, kusan tabbas yana ɗauke da nasa tun kafin ya yi wayo. Kada ka ɗora wa kanka laifi.

Ku koma wurin likitocin da ke duba ƙodarsa cikin wannan mako, kada ku jira a gama girbi. In a waje aka yi aikin, ku ɗauki duk takardun da aka ba ku da kwalayen magungunan ku nufi sashen ƙoda na Kano ko Shika. In an ciro ƙullin ku tambayi ranar da sakamako zai fito, ku karɓi kofe ku ajiye, kuma ku roƙi likita ya gaya muku da Hausa ko tibi ne, ko wannan ciwo ne, in kuwa shi ne, wane gida ne cikin huɗun. Kafin nan ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa a kan lokaci, ko guda kada ya tsallake. Muna jiran wasiƙarka ta biyu.